Barewa da ɗanta: yadda Turawa suka yi ƙarni uku suna auna dokin sukuwa

Hausawa kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da maganar nan tana cika a kowane lokaci, da babu sana'ar da ta kai kiwon dawakin sukuwa sauƙi: sai a nemo ingarman da ya fi gudu, a kai masa goɗiyar da ta fi gudu, a jira wata goma sha ɗaya. Amma Hausawan nan dai su ne suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, kuma tarihin dokin da Faransawa ke kira pur-sang, watau mai tsantsar jini, a tsakanin karin maganan nan biyu yake kaiwa da komowa. Shi ne dokin da ke gudu a filayen Longchamp da Chantilly, wanda masu tsayawa a kantunan PMU na Yamai da Maraɗi da Damagaram ke karanta sunansa tare da na ubansa da na uwarsa a takardar tsere. Rubuta sunan uba kusa da na ɗa yana da dalili: tun ƙarni na 18 ake da ma'auni biyu, ɗaya na abin da doki ya yi da ƙafafunsa, ɗaya na abin da ya bar wa ƴaƴansa, kuma ma'aunan nan sun sha saɓa wa juna.

Saɓanin ya soma tun daga tushe. Duk wani doki na wannan iri, idan aka bi salsalarsa ta wajen uba, ana tarar da ɗaya daga cikin ingarmu uku da aka shigo da su Ingila daga ƙasashen Musulmi: Byerley Turk a ƙarshen ƙarni na 17, Darley Arabian da aka sayo a Halab ta Siriya a shekara ta 1704, da Godolphin Arabian wanda ya biyo ta Tunis da Faransa wajen 1729. Na ukun nan har yau ana gardama ko na Larabawa ne ko kuwa ɗan Arewacin Afirka, irin dawakin da fatake suka daɗe suna ƙetarowa da su Sahara. Darley Arabian ya haifi ƴaƴa biyu maza da goɗiya ɗaya. Na farko, Flying Childers, shi ne dokin da Ingilishi suka fara yi wa kirarin gwarzon sukuwa, babu wanda ya taɓa wuce shi. Ƙanensa, Bartlett's Childers, bai taɓa shiga tsere ba, domin da zarar ya yi gudu sai jini ya ɓarke masa ta hanci. Zuriyar gwarzon ta wajen maza ta ƙare a cikin wannan iri. Mai haɓon kuwa ya haifi Squirt, Squirt ya haifi Marske, Marske ya haifi Eclipse.

An haifi Eclipse a shekara ta 1764, shekarar da aka yi husufin rana, abin da sunansa ke nufi ke nan. Da mai shi, Duke na Cumberland, ya mutu, sai wani dillalin tumaki, William Wildman, ya saye shi a gwanjo a kan kuɗin da bai kai fam 80 ba. Bai fara tsere ba sai da ya shekara biyar, a zamanin da ake gudun mil huɗu, fiye da kilomita shida, a huta, a sake. Tsakanin 1769 da 1770 ya shiga tsere 18 ya cinye duka, a cikinsu har da waɗanda ya zagaya fili shi kaɗai saboda kowa ya janye dokinsa. Da ya mutu a 1789 wani likitan dabbobi Bafaranshe, Charles Vial de Sainbel, ya feɗe shi, ya auna ƙasusuwansa ɗaya bayan ɗaya, ya tarar zuciyarsa ta haura kilo shida. Wannan yunƙuri ne na neman asirin gudu da ma'auni a hannu, kuma bayan shekara biyu Sainbel ya zama shugaban makarantar likitancin dabbobi ta farko a Landan.

Abin mamaki, Eclipse bai taɓa zama na ɗaya ba a jerin ubanni, jerin da ake yi kowace shekara bisa nasarorin ƴaƴan kowane ingarma. Ya haifi dawaki uku da suka ci tseren Derby, a 1781 da 1783 da 1784, amma kullum Herod, jikan gidan Byerley Turk, yana gabansa. Da Herod ya kau sai ɗansa Highflyer ya gaje shi, ya riƙe kambin sau 13. Duk makiyayin da aka tambaya a shekara ta 1800 wane gida ne zai mallaki gobe, da gidan Herod zai nuna, kuma da alƙaluma a hannunsa. A 2001 masana na jami'ar Trinity da ke Dublin, ƙarƙashin Patrick Cunningham, suka bi salsalar dawakin zamani, suka samu kashi 95 cikin 100 suna komawa ga Darley Arabian ta wajen uba, kusan dukansu ta hanyar Eclipse. Gidan Herod yanzu saura ƙiris ya ɓace.

A ƙarshen ƙarni na 18 ne aka kafa ginshiƙai biyu da sana'ar ke tsaye a kai. Na farko tseren gwaji na dawaki masu shekara uku, kowa da nauyi iri ɗaya: St Leger a 1776, Oaks a 1779, Derby a 1780, daga baya aka ƙara Guineas guda biyu a 1809 da 1814. Na biyu littafin asali, wanda James Weatherby ya fara fitarwa a 1791, inda ake rubuta kowace goɗiya da ingarman da ya baye ta da abin da ta haifa. Daga nan makiyaya suka rabu gida biyu, masu gaskata fili da masu gaskata littafi, kuma rabuwar ba ta ɗinke ba.

Masu gaskata fili matsalarsu ita ce dawaki ba duka suke haɗuwa ba, kuma agogo shi kaɗai ba shaida ba ne, tunda ƙasa mai taɓo da busasshiya ba gudunsu ɗaya ba. Mafitar da aka samu ita ce a mai da tazara nauyi. Admiral Henry Rous, tsohon hafsan jiragen ruwa da aka ɗora wa aikin raba nauyi a 1855, ya tsara jadawalin da ke faɗin laba nawa babban doki zai ɗauka fiye da ƙarami a kowane wata na shekara da kowace tazara, har su yi daidai. Laba ɗaya ba ta cika rabin kilo ba, amma a fili tana da tasiri: a gajeren tsere na mita 1000, tazarar tsawon doki ɗaya daidai take da kimanin laba uku, a dogon tsere na mita 3200 kuwa kimanin laba ɗaya. Da wannan lissafi ana iya kwatanta dawaki biyu da ba su taɓa ganin juna ba, muddin akwai na uku da ya kara da kowannensu. Jadawalin Rous, da ƴan gyare-gyare, shi ake aiki da shi har yanzu.

Masu gaskata littafi su ma sun yi nasu lissafin, sai dai nasu ya fi kama da bugun ƙasa. Bruce Lowe, mutumin Ostareliya, ya bi goɗiyoyin littafin Weatherby har zuwa kakanninsu na farko, ya raba su gida 43, ya ba kowane gida lamba bisa yawan manyan tseren da ya ci. Littafinsa ya fito a 1895 bayan mutuwarsa, kuma attajirai da dama sun yi hasarar dukiya wajen haɗa lamba da lamba, sun manta cewa kaka ta goma sha biyar ba ta bar wa jika wani abin kirki a jini ba. Kanar Vuillier na Faransa ya ƙirƙiro lissafin sinadarin jini, yana ƙidaya kason wasu zaɓaɓɓun ingarmu a cikin asalin kowane doki, har Aga Khan na uku ya ɗauke shi aiki. Jikan wannan lissafi ya yi tashe a Amurka daga 1981, inda Steven Roman ya nuna cewa an yi shekaru da dama babu dokin da lambarsa ta wuce 4 da ya ci Derby na Kentucky. A 1991 Strike the Gold ya ci da lamba 9, wasu kuma suka biyo bayansa.

Mafi munin abin da bautar littafi ta haifar shi ne dokar Jersey ta 1913, wadda ta hana rubuta duk dokin da ba a iya bin dukan kakanninsa zuwa littafin Ingila. Manufarta toshe dawakin Amurka, waɗanda takardun wasu kakanninsu suka ɓata. Faransawa ba su bi dokar ba, suka ci gaba da amfani da jinin da aka haramta, musamman Marcel Boussac da ingarmansa Tourbillon. A 1948 My Babu, jikan Tourbillon, ya ci 2000 Guineas, Black Tarquin na Amurka ya ci St Leger: biyu daga cikin manyan tsere biyar na Ingila suka tafi ga dawakin da littafin Ingila ke kira ruwa biyu. A 1949 aka sassauta dokar.

Faransa ta riga ta ɗanɗana ɗaya gefen darasin. Gladiateur ya ci manyan tsere uku na Ingila a 1865, shekara hamsin cif bayan yaƙin Waterloo, aka yi masa laƙabin mai ramuwar Waterloo, mutum-mutuminsa yana tsaye a ƙofar Longchamp. Da aka kai shi barga don baye, bai haifi ko ɗaya da ya kama ƙafarsa ba.

Federico Tesio na Italiya, wanda ya kafa gonarsa a Dormello a 1898, yana cikin ƴan kaɗan da suka riƙe ma'aunan biyu ba tare da sun saki ɗaya ba. Ya san littafi kamar tafin hannunsa, amma ra'ayinsa shi ne sandar da aka kafa a ƙarshen filin Derby ita ta yi wannan doki, ba masana ba. Daga ƴar ƙaramar gonarsa Nearco ya fito, ya ci tsere 14 cikin 14, aka sayar da shi Ingila a 1938 a kan fam 60.000. Daga nan kuma Ribot ya fito, ya ci 16 cikin 16, har da Arc de Triomphe sau biyu, a 1955 da 1956, sai dai Tesio ya mutu a 1954 bai ga gudunsa ba.

Malaman makaranta za su so su san cewa ma'aunin da ya fi karɓuwa a ƙarni na 20 aikin ɗan'uwansu ne. Phil Bull, ɗan mai haƙar kwal, ya karanta lissafi a jami'ar Leeds, ya koyar a Landan, yana tara lokutan tsere a littafinsa bayan an tashi daga aji. A 1948 ya kafa Timeform, wadda ke ba kowane doki lamba ɗaya a ma'aunin laba: mai 130 zai ba mai 120 laba goma su iso tare. Sea-Bird na Faransa, wanda ya ci Derby da Arc a 1965, ya samu 145, kuma ya riƙe wannan matsayi har zuwan Frankel, wanda aka ba 147 a 2012.

Lambar tana faɗin gaskiya game da fili. Game da barga kuwa, labarin dawaki biyu da aka haifa a 1968 ya isa misali. A watan Mayu na 1971 Brigadier Gerard da Mill Reef suka haɗu a 2000 Guineas, haɗuwarsu ta farko kuma ta ƙarshe, Brigadier Gerard ya wuce da tsawon doki uku. Ya ƙare da nasara 17 cikin tsere 18 da lamba 144. Mill Reef ya ci Derby da Arc a wannan shekara, ya samu 141, sannan a 1972 ya karye a ƙafar gaba wajen motsa jiki, likitoci suka ɗaure ƙashin da ƙarfe suka ceci ransa. Duka biyu suka shiga baye a shekara ɗaya, a gari ɗaya, Newmarket. Gurgun ya zama na ɗaya a jerin ubanni a 1978 da 1987, ya haifi Shirley Heights da Reference Point, kowannensu ya ci Derby. Wanda ya kayar da shi ya haifi Light Cavalry, mai St Leger na 1980, daga nan sai sunansa ya yi ta dusashewa. Masu littafi suka ce ai dama: Mill Reef tattaɓa-kunnen Nearco ne, Brigadier Gerard kuwa ɗan wani ingarma ne mai matsakaicin suna, baiwarsa tasa ce shi kaɗai. Bayanin yana da daɗin ji, sai dai ya fi sauƙin faɗi bayan an ga sakamako.

A Amurka, Secretariat ya ci tseren Belmont na 1973 da tazarar tsawon doki 31, cikin minti 2 da daƙiƙa 24, lokacin da har yau ba a karya ba. Tun kafin wannan gudu an raba shi hannun jari 32, jimlar dalar Amurka miliyan 6 da dubu 80. Aka yi ta jiran ɗa irinsa, bai zo ba, ko da yake Risen Star ya ci manyan tsere biyu a 1988. Aka yanke masa hukuncin gazawa. Ashe gadon ta wajen mata ya bi: ƴarsa Terlingua ta haifi Storm Cat, Weekend Surprise ta haifi A.P. Indy, Secrettame ta haifi Gone West, ingarmu uku da suka cika Amurka da zuriya. Jerin ubanni ba ya ganin wannan sai bayan shekara goma sha biyar ko ashirin, lokacin da mai gadon ya tsufa ko ya mutu.

Shi kuwa ingarman da ya fi kowa tasiri a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, kasuwa ƙin sa ta yi. Northern Dancer, jikan Nearco, an haife shi a Kanada a 1961. Gajere ne, bai fi mita ɗaya da santimita 55 ba, kuma da E. P. Taylor ya sa shi a kasuwa yana shekara ɗaya a kan dala 25.000, babu wanda ya taya. Ya ci Derby na Kentucky a 1964 cikin minti biyu daidai. Ɗansa Nijinsky ya ci manyan tsere uku na Ingila a 1970, abin da babu dokin da ya sake yi tun daga lokacin. Kasuwar da ta raina uban sai ta haukace a kan ƴaƴan: a 1983 aka sayi wani duƙushinsa, Snaafi Dancer, a kan dalar Amurka miliyan 10 da dubu 200, ya zama ba shi da gudun da za a fitar da shi fili, da aka kai shi baye kuma ƴaƴa huɗu kacal ya samu. Wani ɗan, Danzig, sau uku ya yi tsere gwiwa ta hana shi, ya zama ɗaya daga cikin manyan ubanni na duniya. Wani kuma, Sadler's Wells, ko a bargarsu ba shi ne gwani ba, El Gran Senor ya fi shi lamba. A Chantilly a 1984 Darshaan ya kayar da shi. Shi ne ya zama na ɗaya a Ingila da Ailan sau 14, ya karya tarihin da Highflyer ya kafa ƙarni biyu da suka wuce.

Hukuncin da ya fi tsada shi ne wanda makiyayan Kentucky suka yi wa Sunday Silence. Ƙafafunsa na baya a karkace suke, dangin uwarsa ba su da suna, sau biyu ana kai shi gwanjo yana komowa gida. A 1989 ya kara da Easy Goer, ɗan gidan sarauta a asali, sau huɗu, ya ci uku. Duk da haka da lokacin baye ya yi, ƴan kaɗan ne suka nemi hannun jari a kansa, sai Zenya Yoshida ya saye shi ya kai Japan. Ya zama na ɗaya a can shekara 13 a jere, daga 1995 zuwa 2007, har bayan mutuwarsa a 2002, kuma ɗansa Deep Impact ya gaje shi. Dawakin Japan da ke zuwa Dubai da Hong Kong da Amurka suna cin manyan tsere a yau, mafi yawansu jininsa ne.

Akwai dalilan da suka sa awon uba ya fi awon ɗan tsere wuya, kuma ba na sihiri ba ne. Na farko lokaci: ingarma ya baye goɗiya bana, ta haihu baɗi, ɗan ya fara tsere a shekara ta huɗu, ya kai Derby a ta biyar. Kafin a ga gudun ɗansa na fari, an riga an biya kuɗin baye na shekara uku ko huɗu a kan zato. Na biyu ya fi zurfi: ingarma mai suna shi ake kai wa zaɓaɓɓun goɗiyoyi, ƴaƴansa su tafi hannun ƙwararrun masu horo, to nasarar ta wa ce? Joe Estes, editan mujallar Blood-Horse ta Amurka, ya fito da ma'auni a 1948 wanda ke raba matsakaicin abin da ƴaƴan ingarma suka ci da matsakaicin na dukan dawaki, ta yadda lamba 1 ita ce tsaka-tsaki. Daga baya aka ƙara masa abokin tafiya: a duba abin da goɗiyoyin nan suka haifa da wasu ingarmu. Idan ƴaƴansu da wasu sun fi ƴaƴansu da shi, to shi ne ke cin albarkacinsu. Wannan tambaya ta fi dukan lambobin Lowe da Vuillier amfani, kuma kowane makiyayin shanu zai gane ta nan take.

Ilimin gado ya zo ya sa wa muhawarar iyaka. A 1988 Cunningham da abokin aikinsa Gaffney suka bincika lambobin Timeform na dubban dawaki, suka ƙiyasta cewa kimanin kashi ɗaya cikin uku na bambancin da ke tsakaninsu ne ake gada. Saura na ciyarwa ne da horo da mahayi da lafiya da sa'a. Ke nan barewa tana ba ɗanta wani abu, amma ba duka ba, kuma doki da ya yi fice ƙwarai galibi ƴaƴansa kan komo kusa da tsakiya. A 2010 Emmeline Hill ta jami'ar Dublin ta nuna cewa wata ƙwayar gado mai sarrafa girman tsoka tana nuna tazarar da ta dace da doki, gajere ko dogo, sai dai ba ta faɗin ko zai yi nasara. Wani lokaci kuma ma'aunan biyu sukan haɗu: Galileo, ɗan Sadler's Wells, ya ci Derby a 2001, ya zama na ɗaya a jerin ubanni sau 12, ya haifi masu cin Derby biyar, ɗansa Frankel ya ci tsere 14 cikin 14, ya hau kan jerin a 2021 da 2023, kuɗin bayensa ya kai fam 350.000 a 2024.

Irin wannan nasara tana da nata farashin. Dokar sana'ar ta hana ɗura maniyyi da hannu, dole ingarma ya hau goɗiya da kansa, kuma a zamanin Northern Dancer goɗiya arba'in a shekara ita ce al'ada. Yanzu da na'urar duba ciki ta sa ana sanin ranar da ta dace, ingarma mai farin jini yakan baye fiye da 200, wasu a sa su jirgin sama zuwa Ostareliya su yi zagaye na biyu. Wani bincike da aka buga a 2020 ya samu Northern Dancer a asalin kashi 97 cikin 100 na dawakin da aka duba, ya kuma nuna auren dangi yana ƙaruwa a cikin irin tun kusan shekaru hamsin da suka wuce. A watan Mayu na wannan shekara hukumar da ke riƙe da littafin asali a Amurka ta kafa iyaka: goɗiya 140 ga kowane ingarma da aka haifa daga 2020. Manyan gonaki uku na Kentucky suka kai ta ƙara, ƴan majalisar jihar suka gabatar da ƙudurin da zai ƙwace mata iko, a watan Fabrairu na 2022 ta janye dokar tun kafin ta shafi ko doki ɗaya.